Masu Sintiri a Cikin Jini

A cikin jinin kowane ɗan Adam akwai furotin iri fiye da 30, yawancinsu hanta ce ke ƙera su, suna yawo shiru kamar ba su da aikin yi. Masana na kiran su kwamfliment. Da zarar ƙwayar cuta ta shigo, na farko ya tsaga na biyu ya tashe shi, na biyu ya tashi na uku, kafin ka ce kwabo an yi wa baƙuwar rubdugu.

Jules Bordet, ɗan ƙasar Beljiyam, ya bankaɗo aikinsu a 1895 a Cibiyar Pasteur da ke Paris. Ya ga ruwan jini yana farfasa ƙwayoyin kwalara, amma in an ɗumama shi zuwa wajen digiri 56 sai ƙarfin ya gushe, alhali antibodi, furotin da jiki ke ƙerawa don kama ƙwayar cuta, na nan daram. Ashe akwai wani abokin aiki da zafi ke kashewa. Ya samu kyautar Nobel ta 1919.

Hanyoyi 3 ne ke tayar da su. Ko antibodi ya riga ya kama ƙwayar, ko wani furotin ya gane irin sukarin da ke jikinta, ko kuma furotin C3 ya fashe da kansa kaɗan-kaɗan, abin da yake yi dare da rana. Duk hanyoyin a kan C3 suke haɗuwa. In ya tsage, babban ɓangarensa ya manne wa ƙwayar, fararen ƙwayoyin jini su gan ta su haɗiye. Wani guntu daga C5 kuma ya yi kururuwa, ƙarin dakaru su kwararo wurin. Daga nan ragowar C5, wato C5b, tare da C6, C7 da C8 su kafu a fatar ƙwayar, C9 da yawa su jeru su yi zobe, su huda rami. Ruwa ya kutsa, ƙwayar ta fashe.

Inda gwanintar take shi ne sanin wanda ba za a taɓa ba. C3 ba ya tambaya, yakan manne wa na gida da na waje, kamar 'yan sintirin da ke haska kowa da tocila, ɗan unguwa ya amsa a wuce shi. Amsar ƙwayoyin jikinmu ita ce furotin CD55 da CD59 da ke fatarsu, da Factor H da suke jawowa daga jini, waɗanda ke tsayar da farmakin. A cutar PNH jajayen ƙwayoyin jini sun rasa biyun farko, sai tsarin ya far musu, fitsari ya yi duhu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da sanƙarau ke ziyarta a lokacin zafi. Wanda aka haifa da ƙarancin ɗaya daga C5 zuwa C9 yakan kamu da sanƙarau sau da sau, domin hudar nan ce babban makamin jiki a kan ƙwayar da ke jawo cutar. Ita ma ƙwayar ba kanwar lasa ba ce: takan yafa Factor H a jikinta don a ɗauke ta 'yar gida. Muhimmancin hudar nan ne ya sa maganin eculizumab, wanda aka amince da shi a 2007 don toshe C5 ga masu PNH, ake fara yi wa mai shirin karɓarsa allurar rigakafin sanƙarau.