Furotin WRN A Ɗan Bututu: Abin Ya Tafi Da Imanina

Da za a buɗe mini firjin masu binciken ciwon daji a ce in zaɓi abu guda, wallahi ba zan yi wata-wata ba, furotin WRN da aka sarrafa a ɗakin gwaji zan ɗauka. Ɗan ɗigon ruwa ne garau a ƙasan bututun roba, ana ajiye shi a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili. Ido ba ya ganin komai a ciki, amma aikinsa sai dai a ce masha Allah!

DNA igiya ce mai zare biyu a tufke. Kafin a kwafe ta ko a gyara ta, dole a warware tufkar, kuma aikin furotin da ake kira helikes ke nan. WRN ɗaya ne daga cikin helikes biyar na dangin RecQ a jikin ɗan Adam, amma shi kaɗai ne, ban da warwara, ke iya datse bakin zaren. Kai, wannan gwani ne.

A 1904 Otto Werner, ɗalibin likitanci a Kiel ta Jamus, ya ba da bayanin wasu 'yan uwa huɗu da tsufa ya cim musu da wuri. Masu wannan cuta sukan yi furfura da yanar ido tun da ƙuruciya, ga ciwon suga, ga daji. Sai a 1996 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo ta, wato mai samar da WRN, a Siyatil ta Amurka. Shekara guda bayan nan aka cusa wannan ƙwayar gado cikin ƙwayoyin halittar ƙwaro, suka ƙera furotin, aka tace shi, aka tabbatar helikes ne. Abin da ya fi ba ni sha'awa, ƙwayoyin Sf9 da aka saba amfani da su a irin wannan aiki daga jinsin tsutsar nan suka fito, wadda ta addabi masara a Afirka tun 2016. Maƙiyiyar manomi ta zama ma'aikaciyar likita!

Gwajin kansa abin kallo ne. A ɗauki guntun DNA, a liƙa wa zare ɗaya sinadari mai haske, ɗayan kuma mai danne hasken. A zuba ATP, makamashin aikin, da maganiziyam, a sa ɗumi ya kai digiri 37, sannan a ɗiga furotin. Nan da nan layi ya fara hawa a fuskar kwamfuta, zaruruwa suna rabuwa, haske yana fita. A sake da gurgun WRN mai suna K577M, wanda aka sauya masa sinadari guda tak daga cikin 1,432, sai layin ya kwanta shimfiɗe. Hujja ce ƙarara, ba cece-ku-ce. Ina son gaskiyar wannan gwaji ƙwarai da gaske.

To, a 2019 labari ya sauya baki ɗaya. Masana a cibiyar Broad ta Amurka da cibiyar Sanger ta Ingila suka gano cewa akwai nau'in daji da ba ya rayuwa sai da WRN. Shi ne wanda ya rasa hanyar gyaran kurakuran kwafi, ana ce masa MSI, kuma kusan kashi 15 cikin 100 na dajin babban hanji irinsa ne. A cikinsa, wuraren DNA da haruffanta T da A ke maimaituwa sukan yi tsawo su ƙulle. WRN ke kwance ƙullin. Cire shi, sai DNA ɗin dajin ta kakkarye, sauran ƙwayoyi kuwa su jure.

Maganin da zai tsayar da shi fa, ta yaya za a nemo? Da wannan ɗigon dai. A kansa ake gwada dubban sinadarai ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwada su a kan ɗan uwansa BLM don kada a daki wanda bai ji ba bai gani ba. A 2024 kamfanin Novartis ya wallafa bayanin HRO761 a mujallar Nature, sinadarin da ke shiga tsakanin sassa biyu na injin WRN ya kulle shi cak. A shekarar kuma kamfanin Vividion ya fito da nasa, VVD-133214. Duka biyun sun kai matakin gwaji a jikin marasa lafiya, kuma ni dai ina jiran sakamakon ƙarshe da ɗoki.