Kufan Wa? Rusassun Duniyoyi a Idon Mai Karatu na Damargu

A cikin ƙagaggun labaran kimiyya da marubutan Turai da Amurka suka kwashe fiye da ƙarni guda suna rubutawa, akwai wani fage da kusan kowannensu sai ya ratsa ta cikinsa. Jirgin sama jannati ya sauka a wata duniya mai nisa, matafiya su fito su tarar da birni tsit, ga dogayen gine-gine rairayi ya cinye rabinsu, ga rubutu a jikin bango wanda babu mai iya karantawa, ga na'urori suna ta aiki alhali masu su sun shuɗe tun kafin ɗan Adam ya san wuta. Daga nan sai labari ya koma kan tambayoyi biyu: me ya halaka mutanen nan, kuma me suka bari da za a iya ɗauka?

Hausa tana da kalmomi biyu na irin wannan wuri. Kango shi ne gidan da aka bari, rufi ya rufta, bango yana tsaye. Kufai kuwa wurin da gari ya taɓa zama ne ya tashi, sau da yawa ba a ganin komi sai tsingaro da dutsen niƙa da bakin tsohuwar rijiya. Abin lura shi ne kufai ba ya zama babu suna. Da an nuna shi sai a ce kufan wane ne, ko kufan su wane, a kuma faɗi inda suka koma. A jihar Damagaram akwai Kufan Kanawa, wanda mai binciken kayan tarihi Anne Haour ta yi tono a cikinsa, kuma sunansa kaɗai ya ɗauko da'awar cewa masu wurin suna nan da ransu, can kudu. Mai karatun da ya tashi a Tanut ko Balbeji, inda tashin gari saboda fari ko ƙafewar rijiya ba baƙon abu ba ne, da wannan ido zai shiga littattafan nan, kuma tambayar da za ta fara zuwa masa ita ce wadda littattafan suka fi gudu: ina jikokinsu?

Asalin fagen a kan ruwa ya ginu, abin da ya kamata ya ja hankalin duk mutumin Sahel. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya, Schiaparelli, ya ce ya hango wasu layuka a fuskar duniyar Mars. Ba'amurke Percival Lowell ya kafa ɗakin hangen taurari a Arizona a 1894, ya rubuta littattafai yana cewa layukan magudanan ruwa ne da wata tsohuwar al'umma ta haƙa domin janyo ruwan ƙanƙara zuwa gonakinta, saboda duniyarta tana bushewa. Babu magudanan, hotunan da kumbon Mariner 4 ya aiko a 1965 ramuka suka nuna da fako. Amma kafin lokacin hoton ya riga ya zauna a zukatan marubuta: al'umma mai ilimi, ƙishirwa ta yi mata zobe.

Fim ɗin Forbidden Planet na 1956 shi ne ya fi fito da siffar a cike. Mutanen Krell na duniyar Altair ta huɗu sun ƙare a dare ɗaya shekara 200,000 da suka wuce. Biranensu sun koma ƙasa, abin da ya rage shi ne wata na'ura a ƙarƙashin ƙasa mai faɗin kusan kilomita 32 ta kowace fuska, tana gyara kanta da kanta. Hikimar fim ɗin tana cikin abin da ya hana mai kallo: ko sau ɗaya ba a nuna kamannin Krell ba, sai dai masanin harsuna Morbius ya nuna siffar ƙofofinsu, ya bar mutum ya ƙiyasta irin jikin da ke shiga ta nan. Wannan dabara ce mai kyau, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kango yana auna tsayin mai gidan da ƙofar zaurensa zai gane ta. Sai dai halakar dare ɗaya tana da wani amfani da ba na fasaha ba. Idan kowa ya mutu lokaci guda, babu magaji, babu mai ƙara, babu wanda zai zo ya ce wannan rijiyar kakana ce. Duk gardamar da ke tsakanin Morbius da kwamandan jirgi a kan wa zai riƙe ilimin Krell rabon gado ne tsakanin baƙi biyu.

A nan ne tarihin adabin ya haɗu da na Sahara kai tsaye. Masanin adabi John Rieder ya nuna a littafinsa na 2008 cewa ƙagen kimiyya ya girma ne a tsakiyar zamanin mulkin mallaka, ya kuma gaji idonsa. Misalan suna kusa. A 1919 Bafaranshe Pierre Benoit ya fitar da L'Atlantide, inda hafsoshin sojan Faransa biyu suka gano ragowar ɓatacciyar daular Atlantis a duwatsun Ahaggar, Abzinawa kuwa aikinsu a labarin ja-gora da gadi. A 1956 da 1957 Henri Lhote ya kwafi zanen duwatsun Tassili, ya laƙaba wa wani babban zane na Jabbaren sunan ubangijin mutanen Mars, a 1968 kuma Erich von Däniken ya ɗauki laƙabin da gaske ya sayar wa duniya cewa baƙi daga sama aka zana. Wanda ya san hanyar duwatsun ya kai Lhote wurin, Ba'abzine ne mai suna Jibrin. An yarda a ba halittun sama zanen kafin a ba mutanen da suka zauna a ƙasar. Haka aka yi wa ganuwar Zimbabwe, wadda Karl Mauch ya jingina wa Sarauniya Bilkisu a 1871, sai da binciken 1905 da na 1929 suka maido wa ƴan Afirka kayansu.

Ba duka marubutan ne suka rufe ido ba. Ray Bradbury, a The Martian Chronicles na 1950, ya sa ƙarambau da matafiyan farko suka kai shi ya kashe mutanen Mars, ya kuma sa ɗaya daga cikin matafiyan, Spender, ya ɗauki bindiga a kan abokan tafiyarsa don ya ga yadda suke wulaƙanta matattun birane. Bradbury ya san tarihin Indiyawan Amurka yake ba da labari. Duk da haka tausayinsa irin na mai ziyarar maƙabarta ne. Matattu sun fi sauƙin girmamawa.

Littafin da ya fi cancantar a daɗe a kansa daga Damargu shi ne na H. P. Lovecraft, At the Mountains of Madness, wanda aka buga a 1936. Birnin nasa a ƙanƙarar Antatika yake, masu shi daga taurari suka zo, kuma tarihinsu a sassaƙe yake a bango. Daga sassaƙen ne matafiya biyu suka fahimci cewa iyayengijin birnin sun ƙirƙiri wasu halittu, shoggoth, domin su yi masu aikin ƙarfi, su ne suka ɗora duwatsun, daga baya suka yi tawaye suka gama da iyayengijin. Mai ba da labarin ya ƙare yana jin tausayin iyayengijin, yana ɗaukar su ƴan uwansa a ilimi, bayin kuwa su ne dodon littafin. Mutumin Damargu ba ya buƙatar a fassara masa wannan. A ƙarni na 19 ƙasarsa ce rumbun Abzin. Geron da ayarin Kel Ewey ke kaiwa Bilma su musanya da gishiri da dabino a nan ake noma shi, kuma masu noman Dagirawa ne da Hausawa da bayi da barorin manyan Abzinawa, waɗanda aka zaunar a ƙauyukan noma. Littattafan matafiya sun riƙe sunayen madugai da sarakuna. Heinrich Barth, wanda ya rabu da abokin tafiyarsa Richardson a Tagelel cikin Damargu a Janairun 1851, ya yi ta ambaton Annur, shugaban Kel Ewey da ya rako su. Wanda ya haƙa rijiyar da raƙuman suka sha ba ya cikin lissafi. Lovecraft ya yi abin da ba kasafai ake yi ba, ya tambayi wa ya gina birnin, ya samu amsa, sannan ya firgita da ita. Rauninsa a fili yake, amma littafin ya fi waɗanda na'urorinsu ke gina kansu gaskiya.

Akwai kuma batun yadda gari ke mutuwa. Jajiduna ta kasance babbar matattarar fatake a Damargu, inda ƴan kasuwar Gadamas da Tarabulus ke sayen gashin jimina da fatu. Ba dare ɗaya ta faɗi ba. Sojan Faransa sun ratso ƙasar a 1899 tare da Foureau da Lamy. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, a shekarar kuma Italiya ta auka wa Tarabulus, sai kaya suka juya suka fuskanci teku. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta biyo baya, sannan yaƙin Kawusan na 1916 zuwa 1917 da ramuwar gayyar Faransa da ta watsa mutanen Abzin da raƙumansu. Kowace masifa ta ɗebi nata, waɗanda suka rage suka gangara kudu, wasu Damagaram, wasu Kano, wasu suka dawo da damina ta yi kyau. Haka aka sake gani a farin 1973 da na 1984. Masanin tarihi Stephen Baier ya bi wannan juyi dalla-dalla a littafinsa na 1980 kan tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Idan aka ɗora wannan a kan ma'auni, halakar Krell wasan yara ce: tana da ban tsoro, amma ba ta da ciwon da ke cikin sayar da raƙumin ƙarshe.

H. Beam Piper ya fi kusa da wannan ciwon a gajeren labarinsa Omnilingual na 1957. Mutanen Mars nasa a hankali suka ƙare, suna toshe ƙofofin jami'arsu, suna amfani da ɗakunan karatu a matsayin wurin kwana, kuma Martha Dane ta samu mabuɗin harshensu ne daga jadawalin sinadarai da ke jikin bango, tunda nauyin ƙarfe ɗaya ne a kowace duniya. Labari ne mai natsuwa, babu dodo a cikinsa. Arthur C. Clarke ma, a The Star na 1955, ya ba matattunsa murya: sun san ranarsu za ta fashe, sai suka gina taska a duniya mafi nisa suka ajiye tarihinsu domin wanda zai zo. Waɗannan aƙalla sun bar wasiyya. Mai karatun da ya san hikayar Birnin Tagulla ta Dare Dubu da Ɗaya, inda Musa bin Nusair ya tarar da mutanen da fari ya kashe a tsakiyar dukiyarsu, aka kuma sare kan wanda ya miƙa hannu ga adon sarauniya, zai ga cewa tsohuwar hikayar ta riga su kafa sharaɗi: kufai wurin ɗaukar izina ne, mai kwasar ganima ba ya fita da kansa.

Sai a ƙarshen ƙarni na 20 tambayar jikoki ta fara samun shiga. Heechee na Frederik Pohl, waɗanda suka bar jiragensu a Gateway na 1977, an gano a littattafan da suka biyo baya cewa ɓuya suka yi saboda tsoro. A Revelation Space na Alastair Reynolds, 2000, Dan Sylveste yana tonon kufan Amarantin, ashe wani ɓangare nasu ya tsere ya yi wa kansa katanga a sararin samaniya, kuma shi mai tonon su ne ke juya shi bai sani ba. Littafin yana da nauyin jiki, hirarrakinsa a sandare suke, amma ya gane cewa gudun hijira ya fi ƙarewa ƙaf yawa a tarihin halitta.

Abin sha'awa, marubutan da suka tsaya a wannan yanki ba su nemi matattun duniyoyi ba. Baƙon da ya ɗauki Kilba zuwa sama a Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, 1969, rayayye ne, yana magana, yana da mutanensa. Nnedi Okorafor ta kafa The Shadow Speaker na 2007 a Nijar ta shekarar 2070, kuma duniyar Ginen da Ejii ta je cike take da masu ita, sai an zauna an yi sulhu da su.

Ƙasar da ke arewa da Tanut tana da nata tsohon zamani, wanda bai buƙaci ƙage ba. A 2000 ayarin Paul Sereno, suna neman ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare, suka ci karo da maƙabartar Gobero a Tenere, mai kaburbura kusan 200. Mutanen farko sun zauna a bakin tabki daga wajen shekara 7700 zuwa 6200 kafin haihuwar Annabi Isa, suna sukar giwan ruwa da masu na ƙashi, ga dorina ga kada. Tabkin ya ƙafe, suka tashi. Bayan shekara dubu ruwa ya dawo, wasu mutane dabam suka zo suka zauna, suka binne matattunsu a gefen na farko ba tare da sun tone su ba. A cikin kaburburan waɗannan na biyun ne aka samu mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a sarƙe, da alamar an shimfiɗa masu furanni.