Yadda Aka Cusa Birni Guda a Cikin Megabayit 512

A ranar 17 ga Satumba, 2013, kamfanin Rockstar ya fitar da wasan Grand Theft Auto V a kan na'urori biyu da suka riga suka kwana biyu a duniya: Xbox 360 wadda ta fito a 2005, da PlayStation 3 da ta biyo bayanta a 2006. Ƙwaƙwalwar aikin kowaccensu, wadda ake kira RAM, megabayit 512 ce kacal. Ta PlayStation 3 ma a rabe take gida biyu, 256 na lissafi, 256 na hoto. Ƙaramar wayar Android da ake saye yau a Farm Centre ta ninka wannan sau huɗu ko fiye.

A cikin wannan ɗan matsattsen wuri aka zuba Los Santos, birnin da aka kwaikwayo daga Los Angeles, da manyan titunansa da gadojinsa da tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama. Aka haɗa masa da hamadar Blaine County, da tsaunin Chiliad, da teku mai ƙasan da za ka iya nutsawa ka gani. Kana iya tashi da mota daga bakin teku a kudu har ƙarshen arewa, wasan bai tsaya ko sau ɗaya ya ce ka jira ya ɗauko abin da ke gaba ba. Mutanen da suka yi wannan aiki, ƙarƙashin jagorancin ofishin Rockstar North da ke Edinbara a ƙasar Sikotlan, su nake son a yaba wa, domin sun ƙware a wani fanni da mai riƙe da pad ba ya gani: sanin abin da za a zana, da abin da za a bari.

Wasa ne na manya, cike da fashi da harbe-harbe da bakin da bai dace da kunnen yaro ba, kuma shekara 18 aka rubuta a jikin kwalinsa. Ya kamata iyaye da masu shagon gem su riƙe wannan. Maganata a nan kan aikin hannun da ke ƙarƙashinsa ce.

A fara da lokaci. Motsin da ido ke gani a allo hotuna ne tsayayyu da ke bin juna da sauri. A kan waɗancan na'urori biyu, an tsara wasan ya riƙa fitar da hoto 30 a kowace daƙiƙa, kowane hoto mai ɗigo 1280 a kwance da 720 a tsaye, wato ɗigo 921,600. Idan ka raba daƙiƙa ɗaya gida 1,000, kowane hoto yana da kashi 33 ne kawai. A cikin wannan ƙiftawar ido za a lissafa inda kowace mota take, da inda kowane mai tafiya a ƙasa ya nufa, da abin da 'yan sanda suka yanke, da inda rana ta tsaya, sannan a zana komai a shafa masa launi. Idan aka makara da hoto ɗaya, hannu ne zai fara ji kafin ido: ka juya mota ta ƙi juyawa a kan kari, ka ce gem ɗin yana cijewa.

Sai maganar wuri. Birnin yana kan faifai, kuma ya fi ƙwaƙwalwar na'urar girma nesa ba kusa ba. Kamar ɗan kasuwar Kantin Kwari ne mai ƙaramin teburi da babban sito a bayan layi. Teburin ba zai ɗauki kayan duka ba, don haka ribarsa tana hannun yaron shagon da ya iya karantar mai saye tun daga nesa, ya ruga ya kawo turmin da za a tambaya kafin a buɗe baki, ya kuma kwashe wanda aka gama dubawa. Haka injin wasan, wanda Rockstar ke kira RAGE, yake yi ba dare ba rana. Yana duba inda ka dosa da irin gudun da kake yi, ya jawo unguwar da ke gabanka daga faifai, ya watsar da wadda ka bari a baya.

Wannan sana'a ta daɗe a gidan. Tun a GTA III na 2001 suke fama da ita, a kan PlayStation 2 mai megabayit 32. Obbe Vermeij, ɗaya daga cikin manyan injiniyoyin wancan lokaci, ya bayyana daga baya cewa sun riƙa jera gine-ginen da ke maƙwabtaka a birni kusa da juna a jikin faifai don kan da ke karanta faifan ya rage kai-komo. Da hakan bai wadatar ba, suka sake fasalin wani dogon titi da ke ba direba damar sheƙa gudu, a wasu wuraren kuma suka ɗan ƙara wa motoci turjiyar iska yadda mai wasa ba zai lura ba, don kada ya riga birnin isa inda za shi. Duk wanda ya buga GTA San Andreas na 2004 ya san wani abin mamaki: ka sha wahalar neman wata mota, da zarar ka same ta ka shiga, sai ka ga irinta ta cika titi. Dalilin yana nan. Nau'in motocin da ƙwaƙwalwa ke iya riƙewa a lokaci guda kaɗan ne, kuma tunda taka tana ciki dole, sai wasan ya riƙa amfani da ita wajen cika hanya.

A GTA V sun kai dabarar wani mataki da ya burge ni ƙwarai. Na Xbox 360 ya zo da faifai biyu. Na farko dole ka juye shi a rumbun na'urar, kimanin gigabayit 8. Na biyu shi ake wasa da shi, kuma kamfanin ya fito ya shawarci mutane kada su juye shi a rumbun tare da na farkon. An saba cewa juye faifai yana ƙara sauri, amma a nan akasin haka ne, domin an gina wasan ya riƙa ɗebo kaya ta ƙofa biyu a lokaci guda, rumbu na kawo nasa, faifai na kawo nasa. Waɗanda suka tura komai ta ƙofa ɗaya sun riƙa ganin bango da titi suna makarar bayyana. Mutum ba ya kaiwa ga irin wannan tsari sai ya san na'urarsa ciki da bai.

Duk abin da ke cikin wasan, daga fuskar mutum zuwa tayar mota, an gina shi ne da ƙananan alwatika da aka lulluɓe da zane. Yawan alwatika shi ne kyau, kuma shi ne nauyi. Saboda haka kowane gini da kowace mota suna da siffa fiye da ɗaya: cikakkiya idan kana kusa, mai rangwame idan ka ɗan ja baya, sannan wadda ba ta wuce akwati mai fenti ba idan ka yi nisa. Can nesa ma unguwa guda ake dunƙulewa ta zama abu ɗaya. Wahalar tana wurin sauyawa daga wata siffa zuwa wata ba tare da ido ya kama ba. A nan suna narkar da tsohuwar siffa cikin sabuwa ɗigo-ɗigo, cikin ɗan lokaci, a daidai nisan da hankalin mai wasa ba ya kai.

Ka hau tsaunin Chiliad da dare ka dubi kudu. Za ka hango Los Santos tana ƙyalli, fitilun tituna a jere, fitilun motoci suna rarrafe a kan manyan hanyoyi. Wani injiniya mai suna Adrian Courrèges ya warware hoton wasan na kwamfuta dalla-dalla a 2015, ya nuna cewa kowace fitilar da ke can nesa ɗan ƙaramin murabba'i ne mai haske da aka ajiye a daidai inda fitilar gaske take. Motocin ma ba a zana jikinsu, fitilunsu kawai ke tafiya. Amma idan ka zaɓi fitila ɗaya ka tuƙa har ka isa gare ta, za ka tarar da falwayarta tsaye a wurin. Wannan riƙon amana tsakanin nesa da kusa shi ke sa birnin ya zauna a zuciya kamar wuri na gaske.

Inuwa ma haka aka yi mata tattali. Kwana guda a cikin wasan minti 48 ne a agogonmu, rana ba ta tsayawa wuri ɗaya, don haka ba dama a zana inuwar gine-gine sau ɗaya a manna. Dole a sake lissafa ta a kowane hoto. Courrèges ya nuna cewa ana raba abin da ke gabanka zango huɗu, kowane zango da taswirar inuwarsa. Zangon da ke gindin ƙafarka ƙarami ne, shi ya sa inuwarsa ke fita tas. Na can ƙarshe yana rufe fili mai faɗi da adadin ɗigo iri ɗaya, inuwarsa ba ta da kaifi, amma wa ke ƙirga ganyen bishiyar da ke bayan gari? Ƙyallin da ke jikin mota kuwa daga wani ɗan mitsitsin hoton kewayenka yake fitowa, ɗigo 128 a kowane gefe, wanda aka cire wa mutane da motoci aka bar sama da ƙasa da manyan gine-gine. A jikin ƙarfe mai lanƙwasa da ke gudu, ido ba ya neman fiye da haka. Duk da wannan tsimi, hoto ɗayan da ya warware ya ƙunshi umarnin zane fiye da 4,000.

Inda na fi sara musu shi ne sauya ɗan wasa. Taurarin labarin uku ne, Michael da Franklin da Trevor, kuma kana iya barin ɗaya ka koma kan wani ko da yana can wani ƙarshen taswira. Ga na'ura mai megabayit 512 wannan babban tashin hankali ne, domin dole a zubar da duk abin da ke ƙwaƙwalwa a ɗebo sabo. Maimakon baƙin allo da rubutun jira, sai kyamara ta cilla sama mataki-mataki har birnin ya koma kamar hoton tauraron ɗan'adam, ta zame zuwa inda ɗayan yake, sannan ta sauko. Daga can sama siffofi marasa nauyi kawai ake buƙata, kuma a cikin waɗannan daƙiƙu ake shirya unguwar da za ka sauka. Abin da ya zama musu tilas, shi suka mayar ado, har ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da wasan.

Ba kullum lissafin ke cika ba. A kan tsofaffin na'urorin, idan ka ratsa tsakiyar gari da gudu 'yan sanda na bin ka, hotunan kan sauka ƙasa da 30, gefen abubuwa kuma yana da ɗan kaushi. An gyara da yawa a fitowar PlayStation 4 da Xbox One a Nuwamba 2014, inda aka kai ɗigo 1920 a 1080, aka ƙara ciyawa da cunkoson motoci da damar kallon duniya ta idon ɗan wasa. A Maris 2022 na PlayStation 5 da Xbox Series suka zo da zaɓi tsakanin hoto mafi kyau a 30 da motsi mafi santsi a 60. Ni dai a wasan da rabinsa tuƙi ne, 60 zan ɗauka, domin santsin sitiyari ya fi mini kaifin inuwa.

Na kwamfuta ya fito a 14 ga Afrilu, 2015, kuma a nan ne tarbiyyar da ƙunci ya yi musu ta amfani talaka. GTA IV na kwamfuta, na 2008, ya yi suna wajen wahalar da injuna har masu tsada. Wannan kuwa mafi ƙarancin abin da ya nema shi ne RAM gigabayit 4 da katin hoto mai gigabayit 1, shi ya sa har yau kwamfuta 'yar gwanjo mai matsakaicin ƙarfi ke iya ɗaukarsa. A shafin saiti sun sa wani ma'auni da ke nuna yawan ƙwaƙwalwar katin hoto da zaɓinka zai ci, ka ga da idonka inda ka wuce gona da iri. Wanda injinsa ke nishi ya fara da rage ingancin ciyawa, domin ita ce ke durƙusar da kati da zarar an fita bayan gari. Sai ya kashe MSAA, mai goge kaushin gefen abubuwa da tsada, ya bar FXAA mai sauƙi, ya kuma bar ƙarin nisan hange a sifili. Idan furosesa ce ta gaza, yawan jama'a da motocin titi zai rage. Ingancin zanen jikin abubuwa kuwa kusan kyauta ne muddin ƙwaƙwalwar katin ba ta cika ba.

Wannan ƙwarewa ba a cikin kamfani kaɗai take ba. Shekara da shekaru masu buga GTA Online, ɓangaren wasan da ake bugawa ta intanet, a kwamfuta suna kukan daɗewar da yake yi kafin ya buɗe. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ke kiran kansa t0st ya zauna ya bi sawun abin da furosesa ke yi a cikin waɗannan mintuna, ba tare da yana da asalin rubutun wasan a hannu ba. Ya gano wani fayil mai megabayit 10 ɗauke da jerin kayayyaki kusan 63,000. Duk lokacin da wasan zai karanta ƙwaya ɗaya daga ciki, sai ya sake auna tsawon ragowar fayil ɗin har ƙarshe, sannan ya gwada sabon abin da duk waɗanda suka gabace shi ɗaya bayan ɗaya don gudun maimaici. Ya toshe ramukan biyu, jiran da yake yi ya sauko daga kimanin minti shida zuwa ƙasa da minti biyu, ragin kusan kashi 70 cikin 100. Rockstar ta duba ta tabbatar da gaskiyarsa, ta saka gyaran a cikin wasan a watan Maris na shekarar, ta kuma ba shi ladan dala 10,000.