Awa Biyu Ko da Aikin Minti Goma Ne: Yadda Tafintan Kurame Ke Riƙe Sana'arsa a Amurka

A Amurka, idan asibiti ya kira tafintan maganar hannu domin kurma ya ga likita na minti 15, yawanci kuɗin awa 2 zai biya. Wanda ya fara jin haka sai ya ɗauka tsawwalawa ce. Amma a duba safiyar mutumin. Ya tuƙa mota ya zo, ya nemi wurin ajiye ta, ya iso kafin lokaci don ya gaisa da kurman ya ga irin salon hannunsa, sannan suka zauna jiran likita wanda ba kullum yake kiran mutum a kan lokaci ba. Ba zai iya karɓar wani aiki ƙarfe tara da rabi a wata unguwa ba, domin bai san yaushe za a sallame shi daga nan ba. Safiyar ta tafi, kuma ita ce hajarsa. Yawancin masu wannan sana'a da ke cin gashin kansu ba su da albashin wata, abin da suke sayarwa kawai lokacinsu ne da lafiyar hannayensu.

Mu da muke kallo daga gefe, saurin yatsu da motsin fuska ne ke ɗaukar mana hankali. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne aikin da ake yi kafin a ɗaga hannu da bayan an sauke shi, wato tsara rana, rubuta takardar neman biya, da riƙe takardar shaidar ƙwarewa kada ta mutu. Idan wannan ɓangaren ya lalace, kurma ne zai zauna gaban likita yana kallon leɓe yana motsi.

Kurman ba shi ke biya ba. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da ake kira ADA, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yulin 1990, ta ɗora nauyin a kan asibiti da ofishin lauya da ma'aikatar gwamnati da sauran wuraren da ke hulɗa da jama'a. Ƙa'idojinta sun hana a tilasta wa kurma ya zo da nasa tafintan, sun kuma hana a sa ƙaramin yaro ya yi wa iyayensa tafinta sai dai a halin gaggawa. Da can, aikin na sa-kai ne. 'Ya'yan kurame da malaman makaranta da ma'aikatan coci ne ke yi, galibi kyauta. A 1964 aka yi wani taro a kwalejin Ball State da ke garin Muncie a jihar Indiyana, inda aka kafa ƙungiyar rajistar tafintocin kurame, RID, kuma daga farkon shekarun 1970 ta fara yi wa mutane jarrabawa.

Gwanin tafinta ba ya amsa kira da "to" kawai. Sai ya yi tambayoyi. Wane irin zama ne, ganin likitan haƙori ne ko bayanin tiyata? Mutum nawa ne za su yi magana? Kurman da maganar hannun Amurka, wato ASL, tsantsa yake magana, ko ya fi son alamun da ke bin jerin kalmomin Turanci? Yana gani sosai, ko sai an yi masa magana a cikin tafin hannunsa? Akwai takardun da za a karanta tun da wuri? Daga amsoshin ne yake gane ko aikin nasa ne, da kuma ko zai iya shi kaɗai. Kamar telan kirki ne ana saura mako biyu Sallah, ya san iyakar ɗinkin da kekensa zai fitar, ba ya karɓar yadin da zai bar mai shi da kunya ranar Idi. Tsakanin aiki da aiki yana barin tazara ta hanya da cunkoso, kuma duk inda ake iya jan lokaci, irin kotu da ɗakin haihuwa, ba ya jingina wani alkawari a bayansa.

Aikin da zai wuce awa ɗaya ko biyu ba hutu, mutum biyu ake ɗauka, kuma kowanne ana biyan sa cikakke. Masu biya sukan yi gunaguni a nan, har sai sun zauna sun kalli yadda ake yi. Ɗaya yana gaba kusa da mai jawabi, sanye da riga marar zane wadda launinta ya bambanta da na fatarsa don yatsu su fito fili, ya kuma kauce wa tagar da haske ke shigowa ta bayansa. Ɗayan yana zaune yana fuskantar sa, idonsa a kansa. Mai jawabi ya ambaci wani adadi da sauri, ko sunan magani, na gaba bai kama ba, sai ya ɗan ɗaga gira. Nan take na zaune ya miƙa masa da yatsu a daidai ƙirjinsa, jama'a ba su ma lura ba. Bayan minti 20 ko makamancin haka, sai su jira mai jawabi ya kai ƙarshen magana, na zaune ya miƙe, na tsaye ya zauna, zance bai yanke ba. Dalilin sauyin shi ne ƙwaƙwalwar da ke ɗaukar magana daga wani harshe zuwa wani a lokaci guda tana gajiya, kuskure ya fara shiga tun mai shi bai ankara ba. Ga kuma ciwon wuyan hannu da kafaɗa, wanda ya raba tafintoci da dama da sana'ar.

Sai batun fasa aiki. Yawancin yarjejeniyoyi a Amurka suna cewa idan aka soke aiki ana saura ƙasa da awa 24 ko 48, za a biya kuɗin duka, haka ma idan tafinta ya zo wanda aka kira shi dominsa bai zo ba. A Ingila ma'aunin ya fi faɗi, ƙungiyar ƙwadagon tafintocin can, NUBSLI, tana ba da shawarar a biya duka idan saura kwana 7 ko ƙasa, a biya rabi idan saura kwana 8 zuwa 14. Alkawari kaya ne, tafinta ya ƙi wasu ayyukan don ya riƙe wannan.

Takardar neman biya ita kanta darasi ce. Ana rubuta kwanan wata, lokacin farawa da na tashi, wurin aiki, kuɗin awa, nisan tafiya, da ƙarin da ake yi na dare ko ƙarshen mako ko kiran gaggawa. Abin da ba ya shiga shi ne abin da aka faɗa a ɗakin. Tafinta ya ji sakamakon gwajin jini, ya ji an kori mutum daga aiki, ya ji sirrin aure, amma akawun da zai biya shi ba zai ga ko kalma ɗaya ba. Riƙe sirri shi ne na farko a cikin ƙa'idoji 7 na ɗabi'ar aiki da RID da ƙungiyar kuramen Amurka suka fitar tare a 2005, kuma a al'ummar da kusan kowa ya san kowa, ko ambaton unguwar da ka yi aiki yau yana iya tona asirin wani. Kuɗin sau da yawa sai bayan kwana 30 yake shigowa. Daga cikinsa tafinta zai ware harajin masu aikin kansu na kashi 15.3 cikin ɗari, ban da harajin kuɗin shiga, ya biya inshorar lafiya da ta aiki, domin ba mai ba shi hutun rashin lafiya.

Kafin duk wannan sai an samu takardar shaida. Babbar ta ƙasa ita ce NIC. Tun 2012 sai mai digirin farko, ko wanda ya nuna ilimi da gogewa daidai da shi, ake bari ya kammala jarrabawarta. Ana fara gwada sani da yadda mutum zai yanke hukunci idan ɗabi'ar aiki ta shiga tsaka mai wuya, sannan a sa shi gaban kyamara ya yi tafinta ta ɓangarorin biyu. Ɗaukar maganar kurma a mayar da ita murya ne ke kayar da mutane da yawa, domin yin alama ya fi karanta ta sauƙi. Wanda ya ci ma bai huta ba, duk shekara 4 sai ya kawo shaidar awa 80 na ƙarin karatu. Masu aiki a makarantun yara suna da tasu jarrabawar, EIPA, jihar Texas kuma ta gina tata mai suna BEI wadda wasu jihohi suka ɗauka. Akwai ma takardar CDI ta tafintan da shi kansa kurma ne, wanda ke aiki tare da mai ji idan kurman yaro ne, ko baƙo daga wata ƙasa, ko wanda bai yi makaranta ba.

Duniya ta ga abin da rashin tantancewa ke jawowa a ranar 10 ga Disamban 2013, a taron tunawa da Nelson Mandela a filin wasa na Soweto. Wani mutum ya tsaya kusa da shugabannin duniya, har da Barack Obama, yana wurga hannaye, kurame a ko'ina suna kallon talabijin ba su tsinci ma'ana ba. Su ne suka fara ƙorafi, domin masu ji da suka ɗauke shi aiki ba su da hanyar ganewa.

Wannan tsari bai yi mana nisa ba. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya da Gana ta samo tushe daga ASL, ta hannun Andrew Foster, kurma Ba'amurke baƙar fata wanda ya buɗe makaranta a Gana a 1957, sannan a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuma suna da tasu maganar hannun ta gado, dabam da ta makaranta, don haka tafintan da ya ƙware a ɗaya yana iya tsayawa gaban dattijon kurma a Kano su kasa fahimtar juna. Tambayar nan da tafintan Amurka ke yi tun a waya, wace irin maganar hannu mutumin yake yi, ita ce ya kamata duk asibiti ko kotun da za ta kira tafinta a wajenmu ta fara yi, sannan ta ware kuɗinsa a kasafinta maimakon ta jira wani ɗan'uwa ya zo ya taimaka don Allah.