Ruwan Azurfa: Goge Kayan Aiki Ba Ya Mayar Da Shi Magani

Akwai wata sana'a da ke yawo a Facebook da YouTube da zaurukan WhatsApp: haɗa ruwan azurfa a gida domin sha. A Amurka aka fi yayinta, amma yanzu duk mai data yana iya kallon yadda ake yi daga Yelwa ko Wara ko Shanga. Mun kuwa san halin ƙasar nan. Abin da ya shigo waya yau, gobe yana cikin kwalba ranar kasuwa, ana jero cututtukan da yake kashewa ta lasifikar mota. Ra'ayina a kai ɗaya ne, jama'a: kada mu sha, kada mu ba yaranmu.

Haɗin ba shi da wuya, kuma sauƙin nan ne ke jan mutane. Sanduna biyu na azurfa tsantsa ake tsomawa cikin ruwan da aka tace ta hanyar tururi, a jona su da ƙananan batura, galibi uku masu bolt 9. Wutar sai ta riƙa ɓantaro azurfa daga jikin sanda, ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya gani, su watsu cikin ruwan. Masu yi suna da dokoki birjik na kula da kaya. A goge baƙin da ke taruwa a jikin sandunan bayan kowane haɗi. Kada gishiri ya shiga. A zuba a kwalbar gilashi mai duhu, domin haske yana canza shi. A tsoma ɗan ma'auni a karanta lamba. Wanda ya ga wannan tsari sai ya ɗauka aikin asibiti ne, ya saki jiki.

To amma duk wannan ɗawainiya ba ta taɓa ainihin tambayar ba: me azurfa take yi a cikin mutum? Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin jini, yana buƙatar aidin na gishiri, amma ba shi da wani aiki da azurfa. Babu cutar da aka tabbatar shan ta yana warkarwa. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yanke cewa ba a amince da ruwan azurfa a matsayin magani mai aiki ko mai aminci ba. Abin da aka tabbatar shi ne ɓarnarsa. Azurfar tana taruwa a fata da dasashi da farce da ido, rana ta buga ta, jiki ya rine ya koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi. Likitoci suna kiran wannan ajiriya, kuma idan ta kama ba ta gogewa da daina sha. Tana kuma hana jiki tsotsar wasu magunguna yadda ya kamata, irin su tetirasaikilin da maganin maƙoƙo. Shi kansa ma'aunin da ake taƙama da shi, yadda ruwa ke ɗaukar lantarki kawai yake aunawa. Ba ya bambanta azurfa da wani datti.

Wani Ba'amurke mai suna Paul Karason da hannunsa yake haɗa nasa a gida, ya shekara da shekaru yana sha yana shafawa. Gidajen talabijin sun nuna shi a 2008, fuskarsa shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina. Ciwon zuciya ne ajalinsa a 2013, amma da launin ya koma ga Mahaliccinsa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu ma ba baƙin ruwan azurfa ba ne. A Agustan 2014, bayan Ebola ta shigo Legas, ministan lafiya na wancan lokaci, Onyebuchi Chukwu, ya sanar cewa za a gwada wani ruwan azurfa mai suna Nano Silver a kan masu cutar. Cikin 'yan kwanaki aka janye maganar, domin bai cika sharuɗɗan kwamitin da ke sa ido kan binciken lafiya ba. A watan ne kuma aka tashi mutane da tsakar dare su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka samu asarar rayuka. Bin sawun waɗanda suka haɗu da masu cutar da killace su ne ya kawar da Ebola daga ƙasar nan a Oktoban wannan shekarar. Da korona ta zo, wani mai wa'azin talabijin a Amurka, Jim Bakker, ya tallata ruwan azurfa a kanta. Jihar Misuri ta maka shi kotu, a 2021 ya amince ya mayar da dala 156,000 ga waɗanda suka saya.

Wancan fa inda ake samun kaya masu kyau ke nan. A nan ina za a samo azurfa tsantsa? Duk maƙerin farfaru zai gaya maka cewa zobe da warwaro sai da gami, domin azurfa zalla laushi gare ta. Mai kyau ma kashi 92.5 cikin ɗari ce, sauran jan ƙarfe. Ta cikin tire kuwa wani lokaci farin ƙarfe ne kawai aka yi wa wanka, kuma wutar batir ba ta zaɓe: abin da ta tarar a jikin sanda shi za ta narkar maka. Ruwan tururin da aka fi samu kusa kuma shi ne ruwan batir na bakanike, wanda ba don ciki aka yi shi ba, ga shi ana sayar da shi kusa da na asid.

Mutanen ƙasar Yawuri bai kamata a yi mana dogon bayani kan ƙarfe a jiki ba. Muna da ramukan zinare a Yawuri da Ngaski, mun san zaibar da ake kama shi da ita a ƙona, hayaƙin ya shiga ƙirji. Maƙwabtanmu na Zamfara sun binne yara sama da 400 a 2010 a yankunan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar dalma da aka shigo da ita tsakar gida. Azurfa ba ta kai dalma dafi ba, wannan gaskiya ne. Amma hanyar ɗaya ce: yau kaɗan, gobe kaɗan, babu zafi babu ɗaci, sai ranar da ya bayyana.

Abin da ya fi tsorata ni ma shi ne jinkiri. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a zazzaɓin cizon sauro tsakanin ƙananan yara, kashi 49 cikin ɗari. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ƙauyukan Gungawa da Sarkawa da Kambari na bakin tafki suke fama da tsargiya, ga amai da gudawa da damina. Kowace a cikinsu tana da magani sananne mai araha. Uwar da ta kwana uku tana ɗura wa yaro mai zazzaɓi ruwan azurfa, kwana ukun nan ne za a nema a rasa idan an isa asibiti.

Ba na cewa azurfa ba ta da amfani. Tana kashe ƙwayoyin cuta a waje da jiki. Asibitoci suna shafa man da ke ɗauke da ita a kan ƙuna. A ƙasashe irin su Nikaragwa da Kambodiya ana gina tukwanen tace ruwa da yumɓu da dusar katako ko ɓuntun shinkafa, a gasa, a shafe su da ruwan azurfa ɗan kaɗan, ruwan kogi ya ratsa ya fito da tsafta. Yumɓu muna da shi, ɓuntun shinkafa har ƙona shi muke yi, masu ginin tukwane suna nan. Matashin da ya iya haɗa sola da gyaran waya, idan sha'awar azurfa ta kama shi, ga aikin da zai ci abinci da shi ya kuma samu lada.

Ga 'yan'uwana masu maganin gargajiya, kada ku bari a cusa wannan cikin sana'ar iyayenku da sunan ci gaba, domin ranar da fuskar wani ta rine, ku za a nuna da yatsa. Mai saye kuma ya tambayi lambar NAFDAC, ya kuma tambayi cutar da aka yi wa lambar rajista. Wanda ya riga ya fara sha, ya daina yau, ya je asibiti ya gaya wa likita tsawon lokacin da ya yi yana sha da sauran magungunan da yake haɗawa da shi.