Masu bin wayar intanet a Gadarif

A Gadarif ta ƙasar Sudan, garin riɗi da dawa inda Hausawa suka daɗe da zama, akwai masu sana'ar da suka cancanci jinjina: masu gyaran wayar intanet.

Idan intanet ta yanke wa kwamfuta, ba sa saurin ɗora wa kamfanin intanet laifi. Sai su soka na'urar gwaji. Silili takwas ne cikin wayar. Ɗaya ya tsinke ko ya sauya gurbi a mahaɗin wayar, wato RJ45, fitilar gwaji za ta tona shi. Wani lokaci ɓera ne ya gaigaye ta, wani lokaci tsawonta ya haura mita 100.

Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023, masu gudun hijira suka cika garin, kuɗin gidaje da yawa kuwa ta manhajar banki ta Bankak yake isowa. Don haka aikin masu gyaran wayar ya ƙara daraja.