Jinjina Ga Masu Askin Karnuka

Wasu kan yi dariya in sun ji an ce mai askin kare, amma a Abuja da Legas sana'a ce mai ci da mutum, kuma sai mai haƙuri. Ranar farko gwani ba ya gaggawar ɗauko almakashi. Yakan bar ɗan kwikwiyo ya shinshina tebur, ya saba da ƙarar injin aski, ya yarda a riƙe masa ƙafa. Wajen yankan farce ake gane ƙwarewa: akwai jijiya a ciki, in aka zarce jini ya zuba, kare ya tsani wurin. Masu askin ne kuma ke fara ganin kaska a kunne. Mai kare, ka biya su da kyau.